Jami'o'in 'yan asalin Amurka da Kanada: wa ke riƙe da akala?

Kwanaki muna zaune da wani abokina da ya ɗora wa kansa neman karatu a Kanada, yana ta latsa waya yana duba jerin makarantu, can sai ya ɗago ya ce min wai ya ga wata ana kiranta Jami'ar Al'ummomin Farko, su kuma waɗannan su waye, ko dai irin jami'ar jiha ce da sai ka kawo takardar indijin daga ƙaramar hukuma kafin a ɗauke ka? Na yi dariya sosai a lokacin. Amma da na koma gida na yi tunani sai na ga tambayar tasa ba ta banza ba ce, domin mu a nan in an ce ɗan asali abin da ke zuwa mana a rai shi ne rigimar ɗan ƙasa da baƙo, wa zai samu gurbi wa zai samu aiki. Can ba haka maganar take ba ko kaɗan.

A can in an ce 'yan asali, ana nufin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar lokacin da suka sauka daga jiragen ruwa, su ne waɗanda muka taso muna gani a finafinan kaboyi muna ce musu Indiyawan daji, sunan da ba nasu ba ne kuma ba daɗi gare shi ba, kuskuren Kolumbus ne da ya zaci Indiya ya isa. A Amurka gwamnatin tarayya ta amince da ƙabilu sama da 570, kowacce da gwamnatinta da majalisarta, da yawa ma da kotunansu da 'yan sandansu. A Kanada kashi uku ne a doka, akwai Al'ummomin Farko, akwai Inuit na can arewa cikin ƙanƙara, akwai Métis waɗanda asalinsu ya haɗa 'yan asali da Turawa, kuma ƙidayar 2021 ta nuna dukkansu sun kai kusan miliyan 1.8, wajen kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar kenan. To waɗannan mutane ne suka kafa kwalejoji da jami'o'i nasu na kansu. Kuma dan in amsa wa abokina, mafi yawansu kowa suna ɗauka, ba a tambayarka takardar asali a bakin ƙofa.

Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shi ne, ba wai an hana su makaranta ba ne shi ya sa suka gina tasu. A'a. Makarantar ce ma aka yi amfani da ita aka yaƙe su.

Tun farko ma da sunansu aka riƙa tara kuɗi. Jami'ar Harvard ta gina wani sashe na Indiyawa a shekarun 1650, mutum ɗaya tak ya gama a wannan zamanin, Caleb Cheeshahteaumuck a 1665, shi ma bai shekara ba bayan nan ya mutu. Kwalejin Dartmouth da aka kafa a 1769 takardar kafa ta ta ce dan ilmantar da yaran Indiyawa ne, wani malamin coci ɗan ƙabilar Mohegan mai suna Samson Occom shi ya yi ta yawo a Ingila yana tara gudummawa, amma a shekara 200 na farko 'yan asali 19 kacal suka fito da digiri daga cikinta. Kaga an ci da sunansu kenan.

Sai kuma zamanin makarantun kwana, wanda shi ne ainihin ciwon. A 1879 wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, ya buɗe makarantar Carlisle a jihar Pensilbaniya, kuma shi da bakinsa ya faɗi manufar, ya ce a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro a ceci mutumin. Ana ɗauko yaro daga ɗaruruwan kilomita, a aske masa gashi, a ƙwace tufafinsa, a canja masa suna, in ya kuskura ya yi yarensu a dake shi. Binciken da ma'aikatar cikin gida ta Amurka ta yi ƙarƙashin ministarta ta lokacin Deb Haaland, wacce ita kanta 'yar ƙabilar Laguna Pueblo ce, ya ƙirga irin waɗannan makarantu sama da 400, ya kuma tabbatar da mutuwar yara aƙalla 973 a cikinsu. A Kanada yara kusan 150,000 ne suka bi ta irin wannan tsarin, gwamnati ke biya coci-coci ke gudanarwa, kuma kar ka ɗauka tarihin kaka da kakanni ne, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe, wato akwai masu shekara arba'in da 'yan kai yau da suka kwana a ciki. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, Fafaroma Francis ya je har Alberta a 2022 ya nemi tasa, Joe Biden ya yi tasa a 2024.

Akwai wani abu da ni ya fi tsaya min a rai. Dokar Indiyawa ta Kanada ta 1876 ta tanadi cewa duk Ba'indiyen da ya samu digirin jami'a, ko ya zama likita ko lauya ko limamin coci, to a doka ya daina zama Ba'indiye. Ka duba fa. Ka yi karatu ka rasa matsayinka a cikin mutanenka da haƙƙin da yarjejeniyar ƙabilarku da gwamnati ta ba ka, ko ka zauna ba karatu ka tsira da asalinka. Wanda aka yi wa haka ai ba sai an tambaye shi me ya sa yake tsoron makaranta ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Mu ma kakanninmu sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu dan kar a kai su boko, dan haka ƙyamar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Bambancin shi ne mu Turawa sun tattara sun tafi a 1960, sun bar mu da yawanmu da kasuwanninmu da yarenmu a baki. Su nasu Turawan ba su tafi ko'ina ba, su ne ma suka zama mafi rinjaye a ƙasar.

To ta yaya aka juya? 'Yan ƙabilar Navajo, waɗanda ke kiran kansu Diné, su suka fara. Ƙasarsu ta ratsa jihohin Arizona da Niyu Meziko da Utah, girmanta ya kai kusan na jihar Borno, mafi yawanta busasshiya ce, gida nan gida can. A yarjejeniyar da suka yi da Amurka a 1868 bayan an kora su a ƙafa zuwa sansanin Bosque Redondo, wacce ta ba su damar komawa gida, gwamnati ta yi alƙawarin malami ɗaya da ɗakin karatu ga kowane yara 30. Shekara ɗari cif bayan nan, a 1968, majalisar ƙabilar ta gaji da jira ta kafa Kwalejin Al'ummar Navajo da kanta, zamanin shugabancin Raymond Nakai. Dalilin a fili yake, suna ba yaransu sukolashif suna tura su manyan jami'o'in birni, mafi yawa ba sa gama shekarar farko suke dawowa, kewar gida, rashin kuɗi, wariya, ga kuma rauni a Turanci da lissafi da suka kwaso daga makarantun da aka ba su. An fara darasi a wani ginin sakandare na aro a Many Farms da ɗalibai wajen 300, daga baya aka koma mazauni na dindindin a Tsaile, a 1997 kuma aka canja suna zuwa Kwalejin Diné.

In ka ga tsarin harabar za ka gane ba suna kawai aka canja ba. An zana ta a zagaye kamar ɗakin gargajiyarsu da suke kira hogan, ƙofa na kallon gabas, kuma manhajar an ɗora ta a kan matakai huɗu na falsafarsu, tunani, tsarawa, rayuwa da abin da aka tsara, sai natsuwa da sake dubawa. Amma kar mutum ya zaci tatsuniya da rawa kawai ake koyarwa. Ana karanta kiwon lafiyar jama'a, kasuwanci, koyarwa, kimiyyar muhalli. Kuma kimiyyar tasu tana da inda take ci musu, domin an shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a ƙasar Navajo aka bar ɗaruruwan ramuka a buɗe, ruwa ya gurɓace, mutane na ta ciwon daji, dan haka ɗalibin da ke auna ruwan rijiya a ɗakin gwaji, rijiyar da kakarsa ke shayar da tumaki yake aunawa.

Daga nan sai abin ya bazu kamar wutar daji. 'Yan ƙabilar Lakota suka kafa nasu a yankunansu na Pine Ridge da Rosebud a jihar Dakota ta Kudu a farkon shekarun 1970, wato Oglala Lakota da Sinte Gleska, ita ta biyun Lionel Bordeaux ya shugabance ta tun 1973 har ya mutu a 2022, kusan shekara hamsin mutum ɗaya. A 1973 kwalejoji shida suka haɗa ƙungiya dan su riƙa magana da murya ɗaya a Washinton, a 1978 Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba su kason kuɗi daga tarayya. Yau sun kai wajen 35, jihar Montana kaɗai tana da bakwai, akwai ɗaya ma can ƙarshen Alaska a garin Utqiaġvik inda rana ke ɓacewa sama da wata biyu a lokacin hunturu.

A Kanada labarin da ya fi burge ni shi ne na Blue Quills a Alberta. Makarantar kwana ce ta 'yan Katolika, irin waɗancan dai. Gwamnati ta ce za ta rufe ta ta watsa yaran cikin makarantun Turawa na garin St. Paul, sai a 1970 iyaye 'yan ƙabilar Cree da maƙwabtansu, waɗanda da yawansu a nan aka azabtar da su suna yara, suka ce ba a rufewa, a ba mu. Suka shiga ginin suka zauna, dattawa da mata da yara, kwana 17 suna addu'o'insu da waƙoƙinsu, har ministan harkokin Indiyawa na lokacin, Jean Chrétien wanda daga baya ya zama firaminista, ya sauko ya amince. Zuwa 1971 ta zama makaranta ta farko a Kanada da 'yan asali ke gudanarwa da kansu, yanzu kuma jami'a ce mallakar al'ummomi bakwai, a cikin wannan jan ginin dai da aka riƙa kulle iyayensu. A 1972 ƙungiyar shugabanninsu ta ƙasa ta fitar da takardar matsaya da sunanta kaɗai ya gama magana, ikon Indiyawa a kan ilimin Indiyawa. A 1976 aka kafa kwalejin da abokina ya gani, a Regina ta lardin Saskatchewan tare da haɗin gwiwar Jami'ar Regina, a 2003 ta koma Jami'ar Al'ummomin Farko ta Kanada. Dattawan wannan yankin suna da wata magana, wai ilimi shi ne sabon ɓauna, saboda da can ɓauna ce abincinsu da tufarsu da tantinsu kafin a karkashe ta.

Su waye ɗaliban? Ba irin ɗan shekara 18 da baba ya sauke a hostel da katifa da garin kwaki ba ne. Da yawa manya ne, mata sun fi yawa, da yawansu da goyo ko yara biyu uku a gida, wasu su ne na farko a zuriyarsu da suka taɓa shiga aji bayan sakandare, wasu ma sai an fara da cike musu giɓin sakandaren. Shi ya sa Kwalejin Oglala Lakota ba ta tara kowa wuri ɗaya ba, ta buɗe cibiya a kowace gunduma ta Pine Ridge, malami ne ke tuƙi ya je wajen ɗalibai. Za ka ga wajen renon yara a harabar, za ka ga dattijo ko dattijuwa da ofis na musamman ana zuwa neman shawara, in aka yi rasuwa a dangi aka tafi zaman makoki na kwanaki ba wanda zai kore ka daga kwas. A wasu garuruwan ma ɗakin karatun kwalejin shi ne kaɗai laburaren da jama'a ke da shi, nan ake zuwa neman intanet.

Yanzu bari mu zo inda gizo ke saƙar, wato kuɗi. Ni a ganina duk maganar tana nan.

A Amurka ƙananan kwalejojin gari suna rayuwa ne da harajin filaye da gidaje na yankinsu da kuma kason jiha. Ƙasar ƙabila kuwa gwamnatin tarayya ce ke riƙe da ita a matsayin amana, ba a karɓar wannan harajin a kanta, jihohi kuma suna cewa ba nauyinmu ba ne, yarjejeniyarku da tarayya kuka yi. Saura tarayya kenan, ita kuma kuɗin da take bayarwa bisa kan kowane ɗalibi ɗan ƙabila ne, kuma shekara da shekaru abin da majalisa ke saki bai kai abin da doka ta yarda a bayar ba. Wani abin haushin, in Bature maƙwabci ko wani wanda ba shi da rajistar ƙabila ya shiga, kuma suna shiga sosai domin ita ce kwaleji mafi kusa kuma mafi araha, tarayya ba ta biyan ko sisi a kansa daga wannan kason, sai 'yan jihohi kaɗan irin Montana da Dakota ta Arewa ke ɗan taimakawa. Ba za su iya ƙara kuɗin makaranta ba domin ɗalibansu na cikin mafi talauci a ƙasar. Sakamakon shi ne albashin malamai ƙasa, rufi na yoyo, ƙwararre ya zo ya yi shekara biyu ya samu inda ya fi ya tafi. Mutane suna jin labarin gidajen caca na ƙabilu su ɗauka duk masu kuɗi ne, alhali 'yan kaɗan ne da ke kusa da manyan birane suka samu wannan arzikin, wanda ke tsakiyar fako wa zai zo masa caca.

Ga wani abu mai kama da almara. A 1862 Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill da ta raba wa jihohi filaye su sayar su kafa jami'o'in noma da fasaha. Binciken da mujallar High Country News ta wallafa a 2020 ya bi diddigin filayen ya gano kusan eka miliyan 11 ne da aka karɓe daga ƙabilu kusan 250, jami'o'i 52 suka amfana, har da Cornell. Su kuma masu ƙasar sai a 1994 aka sa kwalejojinsu cikin wannan rukunin, bayan shekara 132, kuma ba fili aka ba su ba, ɗan asusu ne da ake raba ribarsa.

Kanada tata matsalar daban ce amma ƙarshenta ɗaya. Tsarin mulkinsu na 1867 ya ce harkar Indiyawa ta tarayya ce, harkar ilimi kuma ta larduna ce. To makarantar gaba da sakandare ta Indiyawa ta wa ce? Tarayya ta ce ilimi ne ku je lardi, lardi ya ce Indiyawa ne ku je Ottawa wajen tarayya, haka aka yi ta buga su kamar ƙwallo, suna rayuwa da kuɗin shekara-shekara da sai an rubuta takardar roƙo, ba ka san ko kwas ɗin da ka fara bana zai kai baɗi ba. Kuma maganar da ake yawan yi cewa 'yan asali kyauta suke karatu ba haka take ba. Akwai tallafin tarayya da ke bi ta hannun majalisar kowace al'umma, amma daga 1996 aka ƙayyade ƙarinsa a kashi 2 cikin ɗari a shekara har kusan shekara ashirin, alhali yawan matasa da kuɗin makaranta sun fi haka gudu, dan haka sai layi, wani ya samu wani ya jira. Har yanzu kason masu digiri a cikin 'yan asali bai kai rabin na sauran jama'a ba.

Bayan kuɗi sai takardar shaida. Ka koyar da duk abin da kake so, amma wa zai buga hatimi a satifiket ɗin? A lardin Ontario shekaru da yawa cibiyoyin 'yan asali ba su da ikon ba da difloma ko digiri da sunansu, dole su jingina da wata kwaleji ko jami'ar gwamnati, su ke nemo ɗalibai su koyar su yi ta fama da su har su gama, amma takarda ta fito da sunan wancan, kuɗin kan ɗalibi ma ta can yake bi. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Sai a 2017 lardin ya yi dokar da ta amince da cibiyoyi tara a matsayin ginshiƙi na uku bayan jami'o'i da kwalejoji, tare da hukumar tantancewa da 'yan asalin ke jagoranta. Cikinsu akwai ta Tyendinaga ta 'yan Mohawk da aka kafa a 1985 wacce har matuƙan jirgin sama take horarwa, abin da ke da ma'ana sosai in ka san akwai garuruwan arewa da ba hanyar mota sai jirgi, akwai kuma ta Six Nations da ke ba da digiri a harsunan Mohawk da Cayuga.

A Amurka kuwa hukumomin tantancewa na yanki ne ke zuwa, kamar dai yadda hukumar jami'o'i ke zuwa duba kwasa-kwasai a nan, in ba su amince ba ɗalibanka ba za su samu tallafin tarayya ba, shi kenan ka mutu. Haka ta faru da Jami'ar D-Q ta Kalifoniya da aka kafa a 1971, ta rasa amincewar a 2005 ta durƙushe. Kuma a nan ake samun karo na gaske. Mai tantancewa yana so ya ga malami da digiri na biyu ko na uku. Amma wacce ta fi kowa sanin yaren da sunayen tsirrai da tarihin wajen wata tsohuwa ce mai shekara tamanin da ba ta da ko takardar firamare. Ita ce farfesar a gaskiya, amma a fom ba ta da gurbi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kana son hatiminsu da kuɗinsu sai ka bi ma'auninsu, in ka bi shi gaba ɗaya kuma to me ya rage na dalilin kafa makarantar? Yawancinsu a tsakiya suke tafiya, kuma tun 2002 akwai wata ƙungiyar duniya ta manyan makarantun 'yan asali da ke ba da tata amincewar bisa ma'aunin al'ada, duk da dai ba ta maye gurbin ta gwamnati.

Ba zan ɓoye laifin cikin gida ba dan ina tausayinsu. Ita wannan Jami'ar Al'ummomin Farko ta kusa rufewa, kuma ba Bature ne ya fara ba. A 2005 siyasar shugabannin ƙabilu ta shiga cikinta, hukumar gudanarwarta cike take da 'yan siyasa, aka dakatar da manyan jami'ai, malamai suka yi ta ficewa, ƙungiyar malaman jami'o'in Kanada ta yi mata tambarin tsawatarwa a 2008, a farkon 2010 lardi da tarayya duk suka janye kuɗinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗalibai ne suka tare a harabar suna kwana a ciki, aka rushe hukumar aka kafa ƙarama wadda ba ta 'yan siyasa ba, aka yarda Jami'ar Regina ta riƙa kula da kuɗin na wani lokaci, sannan aka dawo da tallafin. Duk wanda ya san yadda gwamna ke naɗa shugaban jami'ar jiha ya sauke shi ba zai ji wannan labarin baƙo ba. Cewa makaranta tamu ce bai hana namu su lalata ta ba.

Akwai kuma masu cewa adadin masu kammalawa a waɗannan kwalejoji ƙasa yake, kuma gaskiya ne in aka auna da ma'aunin da aka saba. Sai dai ma'aunin an yi shi ne dan matashin da ya shiga cikakken lokaci ya fita cikin shekara huɗu, ba dan uwar yara uku da ke ɗaukar kwas biyu bana ta huta baɗi saboda jinyar mahaifiyarta ta dawo ba. Duk da haka ban yarda a fake da wannan a ce komai lafiya ba, in mutum ya shiga da burin zama nas ya fita ba takarda, an yi asara ko da wane ma'auni aka auna.

Maganar harshe ita ce ta sa nake ganin ko da duk sauran hujjojin sun faɗi, wannan ta isa. Mu Hausawa ba mu san wannan tsoron ba, muna da miliyoyin masu magana, ana rubuta kundin digiri na uku da Hausa a Bayero da Zariya da Sakkwato ba wanda ya ɗauka abin mamaki ne. Can akwai harsunan da masu jin su tun daga nono ba su fi a ƙirga da yatsu ba, duk tsofaffi, kowace jana'iza da rabon kalmomin da za a binne. Misali mafi kyau na juyar da wannan yana Niyu Zilan. A 1975 wasu ƙabilu uku na Māori, wato 'yan asalin ƙasar, a yankin Ōtaki suka duba suka ga ba su da mutum ko ɗaya ɗan ƙasa da shekara 30 da ke iya yaren sosai, sai suka yi shirin shekara 25 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Whatarangi Winiata, daga cikinsa aka haifi Te Wānanga o Raukawa a 1981. Dokar ilimi ta 1990 ta amince da irin waɗannan makarantu a matsayin rukuni mai zaman kansa, yau guda uku ne, ɗaya tana ba da har digiri na uku, ɗaya kuma tana cikin manyan makarantun ƙasar wajen yawan ɗalibai, har waɗanda ba Māori ba suna cika ta dan koyon yaren. Amma su ma sai da suka kai ƙara gaban kotun da ke duba ƙorafin Māori kan yarjejeniyar Waitangi da suka yi da Turawan Ingila, a ƙarshen shekarun 1990 kafin a ba su kuɗin gine-gine irin wanda ake ba sauran. 'Yan Sámi na arewacin Turai ma suna da tasu a Kautokeino ta ƙasar Nowe tun 1989, da yarensu ake koyarwa ake gudanar da ofis. Su Navajo kuma jami'arsu ta fasaha da ke Crownpoint ta buɗe digiri na uku a fannin raya harshe da al'adar Diné a 2023, na farko a duk kwalejojin ƙabilu na Amurka.

Wacce na fi yawan tunawa ita ce Haskell a garin Lawrence na jihar Kansas. An buɗe ta a 1884 a matsayin makarantar kwana irin ta Carlisle, har yau akwai maƙabartar yara sama da ɗari a gefen harabar, sannu a hankali ta rikiɗe ta zama jami'a a 1993, ɗalibai daga ƙabilu sama da ɗari suke zuwa. Sai dai ita ba ƙabila ce ke da ita ba, kai tsaye a ƙarƙashin gwamnatin tarayya take, ma'aikatanta ma'aikatan tarayya ne. Da aka tashi rage ma'aikatan gwamnati a Fabrairun 2025, rana ɗaya aka sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatanta ana tsakiyar zango, azuzuwa suka wayi gari ba malami, ɗalibai suka koma kwashe shara da kansu. Kocin ƙwallon kwando na mata yana cikin waɗanda aka sallama, ya ci gaba da zuwa horar da su ba albashi, sai daga baya da aka yi ta surutu ƙabilu da ɗalibai suka shigar da ƙara aka dawo da da yawa daga cikinsu bakin aiki.